Sawu a Ɗakin Baba Len

Ranar Alhamis da hantsi Sharon ta buɗe flat ɗin kawunta, wato sashensa a bene, ta tarar da bango ya yi giɓi. Inda babbar fostar take rataye, babu komai sai farin fili da ƙusa a samansa. Kafin azahar labari ya zagaye benen nan na council, wato ƙaramar hukuma, da ke unguwar Camberwell a London. Kafin la'asar an gama shari'a a matattakala, an ce Sumani, mai kula da tsohon, shi ya ɗauke ta.

Mai flat ɗin, Leonard Tarrow, wanda mutanen benen ke kira Baba Len, bai daɗe da rasuwa ba. A ƙuruciyarsa shi ke zana fostocin tallan wasannin kiɗan rock, irin masu launin da ke sa mutum jiri, da haruffa kamar kyandir ya narke ya gangaro, sai ka karkata kai kafin ka iya karanta sunan makaɗan. An shirya taron tunawa da shi ranar Asabar a zauren da ke ƙasan benen, kuma wannan fostar, mai fuskar wata mace da ta nutse cikin ja da shunayya da ruwan lemo, ita za a kafa a gaba.

Jamilatu, wadda ita ma a benen take zaune, ta dawo daga asibiti da 'yarta Zarah a goye, ta iske mata sun tare hanya.

"Ƙofa ba a ɓalle ba, taga ba a fasa ba," in ji wata. "To wa ke da makulli?"

"Mai kula da shi mana. Ni tun farko shirunsa bai kwanta mini ba."

Sharon, 'yar ƙanwar marigayin, tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja. Ta ce da Turanci ba ta son ta zalunci kowa, amma idan fostar ba ta dawo ba kafin a fara taro, za ta kira kamfanin da ya turo Sumani, ta kira 'yan sanda.

Jamilatu ta gyara goyo. Ta san abin da wannan kira yake nufi. Bizar Sumani a ɗaure take da aikinsa. In aka kore shi da sunan sata, shi da 'yarsa Fadilatu, wadda bana ta fara firamare, sai jirgi.

*

A tashar bas ta same shi, yana zaune, bas na zuwa na wucewa bai tashi ba. Mutumin zangon Kumasi ne, dogo, mai magana a hankali.

"Maman Zarah, wallahi ban ɗauka ba," ya ce tun kafin ta zauna. "Tsohon nan ni yake masa wanka. Ni yake yanke masa farce. In ina so sata, sai ya mutu?"

"Ban zo da zargi ba, Sumani. Gaya mini ranar ƙarshe da ka shiga."

"Ranar da ya faɗi. Yana dama garin fenti, hannun shi na rawa, kwalba ya kife. Ambulance ya tafi da shi, ni na dawo na share, na goge ko'ina da mop. Na kulle. Ban koma ba."

"Fostar na nan a lokacin?"

"Yana nan. Har na kalle shi, na ce, ke ma yau mai gidan ki ya tafi."

"Da takalmi ka yi gugar?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi kuɗin aljanna. "Dokan aiki ne. Ba mu cire takalmi. Muna sa masa leda a kai."

Sannan ya sunkuyar da kai. "Fadila ya fara karatu da kanshi, Maman Zarah. Jiya ya karanta min sunan titi."

 Jamilatu ce ke ɗauko yarinyar daga makaranta duk ranar da uban yake aiki.

"Ka je ka ci abinci," ta ce. "Kuma kada ka yi wa kowa rantsuwa. Wanda ya riga ya yanke, rantsuwa ba ta warware masa."

*

Mahaifin Jamilatu mai bin sawu ne a wani ƙauye kusa da Dutsin-Ma. In an kore shanu, shi ake tasowa. Tana ƙarama ta sha binsa da gorar ruwa, kuma ba ya barinta ta faɗi sunan kowa sai ta fara gaya masa yadda mutumin ya yi tafiya: da sauri ko da nauyi, da tsoro ko da sabo. Da ta zo London ta ɗauka wannan ilimi ya mutu a kan kwalta.

Washegari da safe ta roƙi Sharon ta buɗe mata flat ɗin.

Warin fenti da na shayi na nan yadda yake. A wannan ɗakin ta yi hunturunta na farko, mijinta kullum yana asibiti wurin aiki, jaririya na kukan ciwon ciki, ita kuma ba ta san kowa ba. Tsohon ne ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta zaci ƙorafi ya kawo. Sai ya ce ta kawo yarinyar. Ya ja labule, ya kunna wata doguwar fitila mai haske shunayya, nan take fostocin bango suka kama ci kamar garwashi. Zarah ta buɗe baki, ta manta da kuka. Tun daga ranar Jamilatu take kai masa ƙosai, yana ci yana hawaye saboda yaji, yana cewa a ƙaro.

"Kada ki taka tsakiya," ta ce wa Sharon. "Bi ta gefen bango. Ja mini labulen nan."

Ta kunna fitilar, ta sauke ta kusa da ƙasa.

Sharon ta dafe baki. Daɓen gaba ɗaya yana walƙiya da kore. Gugar Sumani ba ta kwashe garin fentin ba, shimfiɗa shi ta yi siriri, yadda ido ba ya gani da rana. Duk wanda ya taka bayan ya bushe, ya bar baƙin tambari.

Jamilatu ta durƙusa, hannu ɗaya na tallafe da goyo.

"Wannan mai tsinin dunduniya naki ne, na jiya. Kin shigo, kin tsaya, kin fita da gudu. Wannan kuma fa?"

Sawun ƙarami ne, na safa, babu takalmi. Daga bakin ƙofa ya fara. Bai leƙa kicin ba, bai je wajen durowa ba, bai yi waige-waigen baƙo ba. Ya miƙe zuwa kujerun nan biyu da ke jikin taga, ya kauce wa ta tsohon, ya zauna a ɗayar. Ƙafafun sun daɗe a wurin, har sun goge ƙasa. Daga nan suka je bango, suka yi ɗage a kan yatsu, suka juya zuwa ƙofa. A gefen hagu na kowane taku akwai ɗan da'ira kamar bakin kwalba.

"Sanda ce," in ji Jamilatu. "Wanda ya shigo ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ɓarawo ba ya yi wa ɗaki ladabi. Kuma Sumani ƙafarsa ta yi biyun wannan."

"Amma wa zai cire takalmi a gidan da babu kowa?"

"Namu ne," Jamilatu ta ce a hankali. "Dattijo daga cikinmu."

Sharon ta girgiza kai. Ta ce sawu ba ya buɗe ƙofa, makulli ke buɗewa, kuma Sumani zai iya ba wani. Asabar tana nan yadda ta faɗa.

*

Dattijo mai sanda, ƙaramin jiki, wanda kowa ya ji yana sukar fostar: Malam Almu, limamin da ke jan salla a zauren ƙasa. Tun da aka ce za a kafa hoton mace a inda ake sujada yake faɗa.

Jamilatu ta same shi yana naɗe tabarmi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana yi wa Zarah wasa da carbi.

"Baba, an ce ba ka son hoton nan."

"Ba an ce ba, ni na faɗa, kuma zan sake. A rufe shi da zane lokacin salla, shi ke nan roƙona. Ke kuma kin zo ki duba ko na naɗe shi cikin tabarma?"

"Haba Baba."

"Haba me? Tun jiya ake kallon hammatata." Ya yi dariya, sannan fuskarsa ta sauya. "Mutumin nan, lokacin da council suka so hana mu zauren nan, shi ya zana mana allon da muka ɗaga a ofishinsu. Babu wanda ya iya karanta rubutun, amma kowa ya tsaya ya kalla. Zan shiga ɗakinsa in ɗauki abinsa yana kwance a mutuware?"

Ya ɗauki sandarsa ya raka ta ƙofa. Jamilatu ba fuskarsa take kallo ba. Sandar icce ce mai bakin ƙarfe siriri, kuma a hannun dama take. Ta ji kunya ta kama ta, ta ƙara durƙusawa fiye da yadda sallama take bukata.

*

Saura Abdul-Hafiz, ɗalibin jami'a haihuwar nan, wanda aka ga yana ɗaukar hotunan fostocin da waya tun tsohon na da rai. Mata sun ce tabbas ya samo mai saye a intanet.

"Anti, seriously?" ya ce, yana tsaye a ƙofarsu cikin manyan kambas. "Ni na yi designing katin gayyatar. Baba Len da kansa ya ce in ɗauka. He was my guy."

"Na ji. Kai ko ɗakin uwarka ba ka cire waɗannan jiragen ruwan, balle na wani. Nuna mini hoton."

Ya miƙa mata wayar. Ta sha ganin fostar, amma daga nesa, a saman bango, ido na bin launuka yana juyawa. Yanzu ta sa yatsu biyu ta buɗe fuskar. Gashi ya zama harshen wuta, wuya ya zama kogi. Amma daga gefen hanci akwai layi guda da ya gangaro kan kunci, a karkace, shi kaɗai ne miƙaƙƙe a duk zanen.

"Wannan fa?"

"Sun ray ne. Haka Sharon ta ce, hasken rana."

Jamilatu ta daɗe tana kallo. Rana ba ta fitowa daga hanci. Wannan bille ne, tsagar gida, irin wadda kakarta take da ita. Baturen da bai taɓa zuwa Arewa ba ba zai ƙirƙiro ta daga kansa ba, sai dai in ya zauna ya kalli fuskar da ke ɗauke da ita. Kuma a duk benen nan fuska ɗaya ce ke da bille, ko da yake tsufa ya kusa haɗiye shi cikin tamoji.

*

Mama Anatu tsohuwar nas ce, 'yar Kafanchan, shugabar zumuntar mata a cocinsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, jikokinta na Dagenham. Ita ta koya wa Jamilatu yadda ake yi wa jaririya wanka a ƙasar sanyi. Ba ta taɓa tsayar da ita a ƙofa ba sai yau.

"Ba na jin daɗi, 'yata. Ki dawo wani lokaci."

Sandarta ta asibiti ce, mai roba a ƙasa, tana hannun hagu, domin gwiwar dama ce ke ciwo.

Jamilatu ta dube ta. Wannan sa'ar kakarta ce. Ta yaya za ta dube ta ta ce ke ce?

"Mama, gobe in an fara taro za a kira wa Sumani 'yan sanda. In ya rasa aikin, za a mayar da su gida, shi da Fadila."

Hannun tsohuwar ya matse kan sandar. "Ai ba za ta kira ba. Barazana ce."

"Za ta kira, Mama."

"Ubangiji ya kyauta," in ji Mama Anatu, ta tura ƙofa a hankali.

Jamilatu ta tsaya a wajen, Zarah na jan ɗankwalinta. Ta so a ce akwai hanyar da za ta fitar da mutum ɗaya ba tare da ta tura ɗaya ba. Ta juya abin ta kowace fuska, ba ta samu ba. Tsohuwa za ta ji kunya ta rayu. Yarinya kuwa in aka cire ta daga aji, an cire.

*

Asabar, kafin baƙi su iso, Jamilatu ta roƙi mutum biyar su same ta a zauren. An jera kujeru, an kafa fostoci a bango, gaba kuma an bar fili babu komai. Sharon na riƙe da waya. Sumani ya tsaya can baya kamar wanda ya zo neman gafara. Malam Almu ya zauna, Abdul-Hafiz ya jingina da bango. Mama Anatu ce ta shigo ƙarshe, cikin baƙar atamfa, ta zauna kusa da ƙofa.

Jamilatu ta ajiye doguwar fitilar a kan tebur.

"Ni ba 'yar sanda ba ce," ta fara, tana faɗa da Hausa tana juya wa Sharon. "Abin da ƙasa ta nuna mini zan faɗa. Wanda ya shiga ɗakin Baba Len yana da makullinsa na kansa, ba na aro ba, domin bai yi tafiyar baƙo ba. Ya cire takalmi. Ya san kujerar mai gida, bai zauna a kai ba, ya zauna a tasa. Ya daɗe a zaune. Ban san me ya yi ba, amma na san ba sata ke zaunar da mutum haka ba."



"Da ya fita ya mayar da takalminsa, garin fentin ya ɓuya a ciki. Sai dai akwai abin da ya shiga da shi wanda ba a cire wa takalmi. In na ja labule na kunna wannan, zai nuna kansa. Wallahi ba na so in kunna."

Malam Almu ya ɗaga sandarsa sama. "Kunna, 'yata. Ni dai a wanke ni."

Ta kai hannu ga makunnin.

"Bar fitilar nan, Jamilatu."

Mama Anatu ce. Ta miƙe da ƙyar, ta tako zuwa gaba, ƙarar robar sandarta kaɗai ake ji. Ta tsaya a gaban Sharon, ta cire tabarau, ta sa yatsa a gefen hancinta ta ja shi zuwa kunci.

"Ba hasken rana ba ne," ta ce da Turancinta na tsofaffin nas. "Wanzamin garinmu ne ya yi mini shi ina jaririya. Fostar tana ɗakina, a kan gado, na lulluɓe ta da zane."

Sharon ta sauke wayar. "Ke ce Annie?"

"Shi kaɗai ke kirana haka."

"Har ya mutu yana cewa fostar Annie. Mun ɗauka sunan waƙa ne."

Tsohuwar ta yi ɗan murmushi. Ta ce tana ɗalibar nas ya zo asibiti da yankan wuƙar takarda a hannu, ta ɗinke shi, ya ce sai ya zana ta. Ya nemi aurenta, ta ƙi, domin shi yau yana wannan gari gobe yana wancan, bin makaɗa, ita kuma tana da ƙanne a gida. Ta auri mutumin kirki, ba ta yi nadama ba. Bayan ta yi takaba, council suka ba ta flat a nan, ta ci karo da shi a matattakala, dukansu da furfura. Ya ba ta makulli. Duk Laraba suna shan shayi a jikin taga, a waje kuwa gaisuwa kawai.

Sai ta koma Hausa.

"Da ya rasu, kowa na yi wa kowa gaisuwa, ni babu mai yi mini. Da wane suna zan yi kuka? Ni ba mata ba, ba 'yar'uwa ba. A wurinmu mace mai jikoki ba ta zubar da hawaye a kan namijin da ba nata ba. Na shiga in zauna kaɗan. Da na tashi, na kasa barinta a bangon, a zo a kafa ni a gaban jama'a ina kallon kaina ina yin kamar ban san ta ba."

Ta juya, ta nufi bayan zauren, ta fara lanƙwasa gwiwar nan mai ciwo a gaban Sumani. Ya yi tsalle ya riƙe ta.

"A'a Mama! Kar ya durƙusa min!"

"Na ji ana kiran sunanka, na yi shiru. Kunyata na fifita a kan 'yarka. Ka yafe mini, ɗana."

Sumani ya goge ido da bayan hannu. "Kullum ran Laraba ina wanke kofi biyu. Ban taɓa tambaya ba." Ya numfasa. "Ya wuce, Mama. Amma ya daɗe kafin ya wuce."

Sharon ta je ta ba shi haƙuri, ta sake ba shi. Malam Almu ya yi gyaran murya, ya dubi tsohuwar, ya faɗi abin da babu wanda ya faɗa mata tun ranar rasuwar.

"Anatu, sannu da rashi. Ya haƙuri?"

Nan ta fashe da kuka, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Jamilatu ta rungume ta, Zarah ta miƙo hannu daga goyo tana shafa mata kunci.

Sumani da Abdul-Hafiz ne suka sauko da fostar, suka kafa ta a filin da aka bari. Da baƙi suka fara shigowa, tsofaffin Turawa masu dogon farin gashi da mutanen benen cikin hula da mayafi, Mama Anatu ta nufi kujerarta ta kusa da ƙofa. Sharon ta kama hannunta ta kai ta layin gaba, inda aka keɓe wa dangi.

Aka ja labule. Jamilatu ta kunna fitilar. Bango ya kama ci, layin nan na kuncin matar ya fito fes. A ƙasa kuma, kusa da ƙafar tsohuwar, bakin sandarta na walƙiya da kore, ba ta kuwa janye shi ƙarƙashin kujera ba.